Da me ya kamata a cika cikin kifin da za a busar don nuni?

Wani malamin kimiyya da ke koyarwa a wata makarantar sakandare a Garwa, a arewacin Kamaru, ya aiko da tambaya. Yana so ya adana kifi uku da siffarsu domin ɗalibai su riƙa ganinsu a ɗakin gwaje-gwaje: karfasa matsakaiciya, da tarwada, da giwan ruwa mai nauyin kusan kilo 10 wanda wani masunci a madatsar ruwan Lagdo ya yi masa alkawari. Ya ce ya nemi shawara, amma kowa da abin da ya faɗa masa, domin wasu sun ce ya cusa auduga, wasu sun ce garin katako, wasu filasta, wani kuma ya ce ya sayi kumfar gwangwani da magina suke toshe rami da ita. Wanne ya kamata ya ɗauka?

Malam, kafin a yi maganar wanne ya fi, akwai abin da ya kamata ya zauna maka a rai, wato cewa abin da ake sa wa kifi a ciki shi ne sabon jikinsa, kuma siffar wannan jikin ce fatar za ta ɗauka har abada. Fatar kifi tana da laushi a lokacin da aka feɗe ta, amma da zarar ruwan jikinta ya fara fita sai ta tsuke, ta ja da ƙarfi kamar fatar da aka ɗaura a bakin ganga, ta matse duk abin da ke ƙarƙashinta. Idan abin da ke ciki mai laushi ne, za ta lanƙwasa shi. Idan yana da gargada, gargadar za ta fito fili. Idan kuma yana kumbura yana saɓewa bisa sauyin yanayi, to fatar za ta bi shi har ta tsage. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu wannan aiki a gidajen tarihi suka daina cusa wa fatar dabba ciyawa da tsumma, suka koma sassaƙa jiki mai tauri su ɗora fata a kai, kuma Carl Akeley, wanda ya yi aiki a gidan tarihin halittu na Chicago a Amurka, yana cikin waɗanda suka kafa wannan hanya. Saboda haka abin da muke nema shi ne abu mai tauri bayan ya bushe, marar nauyi, wanda ba ya shan danshin iska, kuma ba abincin ƙwari ba ne.

Sharaɗin danshi ya fi kowanne muhimmanci a ƙasarmu. Kifin da za ka rataye a bangon aji a Garwa zai sha hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke bushewa har katakon ƙofa ya tsage, sannan ya shiga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, sannan damina ta sauka, a watan Agusta ko littafi a kan kanta sai ya yi laushi. Shawarar da za ka karanta daga mutanen Turai an gina ta ne a kan ɗakin da yanayinsa ba ya sauyawa sosai, don haka ba duk abin da ya yi musu aiki ne zai yi mana ba.

Auduga ita ce ta fi sauƙin samu a nan, tun da a garin kamfanin auduga na Sodecoton muke, amma ita ce zan fara hana ka. Ba ta da taurin da za ta tare jan fata, kuma duk yadda ka danna ta sai ta dunƙule wuri-wuri, ka ga gefen kifin ya yi tudu da kwari. Ban da haka tana tsotse maiƙon da ya rage a fata ta riƙe shi, da damina kuma ta sha danshi ta riƙe a jikin fatar daga ciki, inda ba ka gani, har hunhuna ta kama. Audugar rimi ba ta shan ruwa kamar ta gona, amma ta fi ta laushi, ga saurin kama wuta. Tsumma da ciyawa da ɓuntun shinkafa duk hukuncinsu ɗaya ne da auduga.

Filasta, wato farin garin da masu yin silin suke kwaɓawa, tana da tauri, tana ɗaukar siffa da kyau, kuma ƙwaro ba ya cin ta. Matsalarta nauyi ne, kuma lissafin mai sauƙi ne. Nauyin jikin kifi kusan daidai yake da na ruwa, ke nan giwan ruwanka mai kilo 10 yana da girman da zai ci kusan lita 10. Lita ɗaya ta busasshiyar filasta tana kai kilo ɗaya ko fiye, don haka idan ka cika shi da ita zalla za ka rataya wa bango abin da ya kai nauyin kifin yana da rai, ranar da ƙusa ta saki kuwa aikin ya ƙare. Sannan ruwan da ake kwaɓa filasta da shi ya fi wanda take buƙata don ta daskare, ragowar kuma sai ya fita ta cikin fatar, wanda a babban kifi zai ɗauki makonni fatar tana jiƙe. Tana kuma sa ƙarfe tsatsa, tsatsar ta huda fenti ta fito ja. Wannan bai hana amfani da ita ba, sai dai a matsayin mahaɗi kaɗan a cikin kwaɓi, da kuma wajen yin mazubi, wato ramin da ke ɗauke da siffar kifin. Siminti kam kada ma ka kusance shi, domin ya fi filasta nauyi, kuma kaifinsa yana cin fata ya saki ɓawon kifi, dalilin da ya sa ba a sa wa fatar kifi kanwa ko toka ke nan. Yumɓu yana tsukewa ya tsattsage idan ya bushe, don haka ba a yin jiki gaba ɗaya da shi.

Ga karfasa, da duk kifi mai ɓawo wanda bai wuce tsawon kamu ɗaya ba, abin da na fi amincewa da shi shi ne kwaɓin takarda a cikin mazubi, kuma zan tsaya a kansa domin a nan ne aikin hannu yake. Da farko ka ɗauki hoton kifin yana ɗanye, saboda launinsa zai gushe gaba ɗaya idan ya bushe, da fenti za a mayar da shi. Ka wanke yauƙin jikinsa da ruwan alif, ka kwantar da shi a cikin yashi mai danshi har rabin kaurinsa ya nutse, gefen da kake so a gani yana sama, ka ɗan karkata wutsiyar yadda kake so ta tsaya. Sai ka kwaɓa filasta ka zuba a kansa har kaurin yatsa biyu, ban da fikafikai. Cikin rabin awa za ta yi ɗumi ta daskare, ka ɗaga ta, ka sami rami mai siffar gefen kifin daidai. Daga nan ka tsaga kifin ta ɗaya gefen, wanda zai fuskanci bango, tun daga bayan kai har gindin wutsiya, ka feɗe a hankali da wuƙa marar kaifi, ka datse ƙasusuwan fikafikai daga ciki da almakashi, ka kankare nama da cokali har fatar ta yi fes. Bayan an wanke ta an jiƙa ta a ruwan boraks, maganin ƙwari da zan yi bayaninsa a gaba, sai a shimfiɗa ta cikin mazubin, a danna kwaɓin a kanta da yatsu, a fara da gindin wutsiya da gindin fikafikai inda rami yake ɓuya.

Kwaɓin kansa ana yin sa ne da kwalin ƙwai ko tsohuwar jarida da aka jiƙa kwana ɗaya aka kirɓa a turmi har ta yi laushi, aka matse ruwanta a cikin tsumma sosai. A kan kashi biyu na takardar ina sa kashi ɗaya na garin katako busasshe da aka tankaɗe, da kashi ɗaya na filasta, da farin gam na kafinta gwargwadon yadda zai haɗe ya daina manne wa hannu. Takarda ce ke ba shi sauƙin nauyi, filasta ke sa shi kamawa da wuri don kada siffa ta goce idan an fitar da shi daga mazubi, gam kuma ke hana shi marmashewa. Filastar kasuwa ba ɗaya ba ce, wadda ta daɗe a buhu ta sha iska ba ta kamawa da kyau, don haka ka fara mulmula dunƙule ɗaya ka ajiye ya kwana, ka ga yadda ya yi kafin ka taɓa kifin. Kada ka cika tsakiyar da kwaɓi zalla. Ka yi kaurin yatsa ɗaya ko ɗaya da rabi a jikin fata, ka sa guntun busasshen katako a tsakiya inda za a ɗaura sukurun ratayewa, ka cike gefensa da gutsattsarin soso mai tauri irin na bangon firji, sannan ka rufe ka ɗinke. Kwaɓi mai kauri da yawa bayansa yake bushewa ya bar cikinsa ɗanye.

Akwai kuskure biyu da ake yawan yi a wannan kwaɓi. Na farko shi ne sa kunun rogo ko garin alkama ko sitaci a madadin gam, saboda araha. Duk mai sayar da banda a kasuwa ya san baƙin ƙwaron nan da tsutsarsa mai gashi da ke mayar da busasshen kifi gari a cikin kwando, kuma shi ne babban abokin gabar aikinka. Idan ka haɗa masa da sitaci ka kuma gayyato kyankyaso da ɓera. Ƙaro, wanda Cadi take fitarwa da yawa zuwa ƙasashen waje, yana manne takarda da kyau, amma yana narkewa da danshi, da rani kuma ya yi ƙaras ya karye, don haka shi ma bai dace ba. Kuskure na biyu ya shafi boraks, farin garin da maƙeran zinariya da masu walda suke amfani da shi, wanda shi ne maganin ƙwari mafi dacewa da wannan aiki. Wurinsa shi ne ruwan da ake jiƙa fata a ciki, a narkar da shi har ruwan ya ƙi karɓar ƙari. Idan ka zuba shi a cikin kwaɓi mai farin gam, gam ɗin zai dunƙule ya zama kamar roba nan take, kuma boraks yana jinkirta daskarewar filasta. Don haka bayan ka tsame fatar ka goge garin da ya rage a cikinta da tsumma kafin kwaɓi ya taɓa ta. Gishiri ba ya maye gurbin boraks, domin yana jawo danshi da damina ya fito fari a kan fenti. A tsofaffin littattafan Faransanci za ka ci karo da sabulun arsenik na Bécoeur, wani mai haɗa magani na birnin Metz na Faransa a ƙarni na 18. Guba ne mai kisa, ba abin da za a kai ɗakin da yara suke ba.

Garin katako ko yashi zalla wata tsohuwar hanya ce: a ɗinke fata, a ɗura busasshen gari ta baki, a daddanna a gyara siffa, idan fatar ta bushe a zazzage. Tana yi wa talibambam, wanda fatarsa mai ƙarfi ce kuma siffarsa a kumbure take, amma a sauran kifaye garin yakan gangara ƙasa cikin ya yi tumbi, fatar da aka bari fanko kuma ko ɗalibi ya danna ta da yatsa sai ta lotsa.

Giwan ruwa kuwa jiki za ka sassaƙa masa. Tun kafin ka sa wuƙa, ka kwantar da shi a kan kwali ka zana kewayensa, ka auna kaurinsa da zare a bayan kai, da tsakiyar ciki, da gaban fiffiken ƙasa, da gindin wutsiya, ka rubuta. Bayan fiɗa kada ka yi saurin kai naman kicin, ka ajiye gangar jikin a gabanka tana zame maka abin dubawa har ka gama sassaƙa. Abin da ya fi dacewa shi ne soso mai tauri na foliyuretan, kuma ba sai ka yi odarsa daga waje ba, domin shi ne rawayan soson da ke cikin bangon firji da firiza, masu gyaran firji suna da matattu jibge. Lita ɗaya ta wannan soso ba ta kai giram 100 ba, ke nan jikin da filasta za ta yi kilo 10 shi ba zai kai kilo ɗaya ba. Ana manna falle-falle har a sami kaurin da ake so, a yanka da zarto ko doguwar wuƙa, a gyara da magagari, a goge da samfefa. Ka rufe hanci da baki saboda ƙurarsa, kuma kada ka yanka shi da zazzafar waya ko ka ƙona ragowarsa, domin hayaƙinsa guba ne.

Farin soson da ake tallafe talabijin da shi a cikin kwali ma yana yi idan babu wancan, sai dai ƙwayoyinsa suna ɓarewa wajen gogewa, kuma fetur da tina da mastik ɗin masu gyaran jikin mota duk suna narkar da shi. Wanda ya yi amfani da shi dole ya shafe shi da farin gam sau biyu ya bushe kafin wani abu ya hau kansa. Rawayan soson firji bai damu da mastik ba. Ga 'yan'uwa da ke Kusiri ko Njamena akwai kuma itacen ambac da ke tsirowa a ruwan Tafkin Cadi, wanda Buduma, mutanen tsibiran tafkin, suke hawa su ƙetare ruwa saboda rashin nauyinsa. Yana sassaƙuwa da wuƙa cikin sauƙi, amma da yake itace ne sai an busar da shi sarai, an shafa masa ruwan boraks, an rufe shi da man ƙyalli na kafinta.

Kumfar gwangwani da aka ba ka shawara danginsu ɗaya da soson firji, amma fesa ta kai tsaye a cikin ɗanyar fata ganganci ne. Tana ci gaba da kumbura bayan ka ɗauka ta tsaya, ba ta san inda kifi yake da faɗi da inda yake da siranta ba, sai ta mayar da shi zagayayye, ɓawo ya miƙe tsaye, ɗinki ya ɓalle, wadda ta tsattsafo waje kuma ba ta fita daga jikin ɓawo. Idan dole sai da ita, a fesa ta a cikin kwali ta yi kwanaki ta gama motsi, sannan a sassaƙa, ko da yake za ka tarar da manyan ramuka a cikinta da sai an cike.

Girman jikin da ka sassaƙa ya zama daidai da awon zarenka ko ya gaza da ɗan kaɗan, kada dai ya fi. Idan ya fi, bakin fatar ba zai haɗu ba, ka ja da ƙarfi ɓawo ya tashi. Idan ya gaza da yawa, fatar ta yi tamoji. Ka gwada fatar a kai sau da yawa tana da danshi, kana ragewa. Idan ta zauna, sai ka shafa siririn kwaɓi mai laushi, wanda gam ya fi yawa a cikinsa, a duk jikin soson, musamman wuraren da suka lotsa kamar gefen fiffiken baya, domin fata mai bushewa ba ta son kwanciya a kwari, takan miƙe ta bar iska a ƙarƙashi sai in an manne ta. A gefen bango ka huda soson ka dasa katako mai kauri, sukurun da za ka sa kuma ya zama wanda ba ya tsatsa.

Kai ne wurin da ya fi ba da wahala, kuma mafi yawan kifin da ya yi wari bayan shekara daga kai ne. Dole a cire ido, da ƙwaƙwalwa, da jan naman da kifi ke numfashi da shi, da naman kumatu, wanda ake zaƙulowa ta ramin ido da lanƙwasasshiyar waya. Giwan ruwa yana da kitse, don haka fatarsa da kansa sai sun sha wanki da sabulun wanke-wanke, sannan kan ya kwana biyu a cikin sifirit, in ba haka ba zafin Afrilu zai narkar da maiƙon ya fito rawaya ta cikin fenti. Kumatu da ramin ido ana cika su da kwaɓin takarda ko ɗan yumɓu, a nan ne kaɗai nake yarda da yumɓu. Duk da haka leɓe da saman kai da gindin fikafikai za su shanye idan sun bushe, sai a mayar da cikarsu daga waje da gam mai haɗi biyu irin Araldite da aka cakuɗa da garin katako mai laushi, ko da mastik.

Tarwada kuma gaskiya ita ce babu abin cikawa da zai cece ta. Ba ta da ɓawon da zai riƙe siffa, fatarta mai maiƙo ce, tana bushewa ta yi baƙi ta yamutse, gashin bakinta ya ƙanƙance ya karye. Mafi yawan masu wannan sana'a ba sa wahalar da kansu da fatar irin wannan kifi, zubinsa suke yi. Ka yi mata mazubi kamar yadda na bayyana a kan karfasa, ka shafa wa cikinsa ruwan sabulu ya bushe, ka shimfiɗa filasta da yadin buhun garara a ciki, ko roba da zaren gilashi irin wanda ake gyaran jirgin ruwa da tankin ruwa da shi, ka fitar da siffar ka yi mata fenti, gashin bakin ka yi shi da waya. Don koyarwa ma wannan ya fi, domin ɗalibi zai ga tarwada da cikarta yadda take a ruwa.

Lokacin aikin yana cikin zaɓin abin cikawa, saboda kwaɓi mai ruwa da aka yi a watan Agusta zai yi hunhuna kafin ya bushe. Ka bari sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma ka busar a inuwa cikin ɗaki, kada rana ko iskar hunturu ta buge shi kai tsaye, domin bushewar gaggawa tana nannaɗe fikafikai ta ɗaga ɓawo. Ka buɗe kowane fiffike ka matse shi tsakanin kwali biyu da maƙalen shanya, ka lulluɓe kifin da gidan sauro saboda ƙuda, ka tsoma ƙafafun teburin a gwangwanayen ruwa saboda kiyashi. Karfasa takan ɗauki makonni biyu zuwa uku, giwan ruwa wata guda ko fiye, amma kada ka dogara da lissafin kwana ko da taɓa fata. Ka riƙa ɗora kifin a kan sikeli duk bayan kwana uku kana rubutawa, sai nauyin ya tsaya cak mako guda bai ragu ba, sannan ka dasa masa sabon ido, ka cike wuraren da suka shanye, ka fara fenti.